Tsakuwar Rafin Darabed

Haƙnazar shi ne mirob na ƙauyen Darabed, wato mai rabon ruwa. Shi yake buɗe wa wannan gona ya toshe wa waccan, kuma ban da shi babu mai taɓa babban dutsen da ke bakin idon ruwa, wanda in aka mirgina shi ruwa yakan bar rafin gari ya zube ta wani kwazazzabo zuwa kogi. Duk wanda ya taɓa dutsen nan ba da izinin mirob ba, sunansa ɓarawon ruwa, kuma a Darabed gara a kama ka da tunkiyar wani.

Ba mutum ne mai daɗin zama ba. Ya haura hamsin, ga gemu mai furfura, ga baki mai faɗin abin da ido ya gani. Amma babban ciwonsa tambaya ne. In abu ya shige masa duhu ba ya jin daɗin abinci sai ya gano kansa. Kuma shekaru ke nan yana fama da tambaya guda: ina gulmahi ya tafi?

Gulmahi kifin duwatsunsu ne, mai ɗigon ja a jiki kamar an yayyafa masa ruwan rumman, ba ya zama sai a ruwa mai sanyi mai haske. Sa'ad da Haƙnazar yake ƙarami da hannu ake kamo shi a ƙarƙashin duwatsun kogi. Yanzu sai mutum ya wuni da ƙugiya bai ga ko wutsiya ba. Da farko ya ɗora laifin a kan masu sa wa ruwa wutar batir, waɗanda ke kashe uwa da 'ya'ya don suyar yamma ɗaya. Ya bi su gida gida, ya kai ƙara masallaci, har sai da aka ajiye gurasa a tsakiya kowa ya ɗora hannu ya rantse ya daina. Suka daina kuwa, don a nan ba a wasa da rantsuwar gurasa. Kifi bai dawo ba. Ya koma zargin masu tafkunan kiwo na can gangare, masu kiwon baƙon kifi mai ƙiba, har ya taka ya je ya duba ragarsu ko baƙon ne ke tserewa yana korar na gida, ya tarar ba ta da huji. Ya dawo da tambayarsa kamar yadda ya tafi da ita.

A kakar da muke magana, bayan an haƙe dankali an tsinke tuffa, maza suka fara dawowa daga Rasha, inda suke aikin gini tun narkewar ƙanƙara. Da zarar sun dawo, kowace shekara, sai a yi gayyar share rafi. Mirob ya mirgina dutse, ruwa ya janye, maza su shiga da shebur da manjagara su kwashe laka da tsakuwa da saiwoyi tun daga ido har bakin kogi, su bar ƙasan rafin fes. Sannan a yanka akuya, a dafa osh, wato shinkafa da nama da karas, a yi wa magabata addu'a, a sake zaɓen mirob, wanda tun da daɗewa bai wuce a ce Haƙnazar ya ci gaba ba. Rafin nan shi ne ran gari da hunturu. Ba ya daskarewa, daga gare shi ake sha, wani reshe nasa kuma ke juya dutsen niƙa.

An sa gayya ranar Asabar. Saura 'yan kwanaki Haƙnazar ya bi rafin da sandarsa don ya ga inda aiki zai fi yawa. A wata kwana, ƙarƙashin tsohuwar bishiyar tut, mai ƙananan 'ya'ya masu zaƙi, ya tsaya cak. Ko'ina tsakuwar ƙasan ruwa ta yi duhu da gansakuka, amma a nan akwai wani wuri, faɗinsa bai wuce faifai biyu ba, da tsakuwar ta yi fari tas kamar wankakkiyar shinkafa. Akwai ɗan rami, a bayansa kuma ɗan tudu. Ya duba gaɓa, babu sawun mutum, babu na jaki. Ya ƙara gaba ya ga wani irinsa, ya kuma ganin wani.

Wa ke share tsakuwa a cikin ruwa, kuma don me?

Zuciyarsa ta kai shi kan Halmurad, ƙanin matarsa, wanda ya dawo daga Rasha yana ƙara ɗaki a gidansa. Ya tarar da shi yana kwaɓa siminti, ya tambaye shi kai tsaye ko shi ke ɗibar tsakuwar rafi. Halmurad ya jingina da shebur ya dube shi sama da ƙasa. Tun yana saurayi yake tsokanar mijin yayarsa, kuma furfura ba ta hana shi ba.

"Yazna, tsufa ya zo," in ji shi, don haka suke kiran mijin yaya. "Ni da na shafe watanni ina ɗaukar wa Rashawa tsakuwa mota mota, in dawo gida in saci cikin tafi? In zan yi sata ai sai ka nemi rafin gaba ɗaya ka rasa."

"To wa ke yi?"

"Ƙila aljanu ne ke yi maka shimfiɗa. Ka je ka kwanta ka gani."

Haƙnazar bai yi dariya ba, amma ya ɗauki shawarar. Washegari da hantsi ya shimfiɗa tsohuwar jabbarsa a bayan gindin tut ya kwanta rub da ciki, ya leƙo da kai kawai. Sanyin ƙasa ya ratsa jabba ya shiga ƙashi. Ganye ya yi ta wucewa a kan ruwa. Wata mata ta zo ɗibar ruwa can ƙasa, ta hango ƙafafun mirob a miƙe, ta ɗauki bokitinta ta koma da sauri.

Rana ta kusa tsaka sa'ad da wata inuwa ta taso daga ƙarƙashin saiwoyi ta tsaya a kan farar tsakuwar. Gulmahi ne, tsawon kamu ɗaya, irin wanda ya daɗe bai gani ba. Kifin ya tsaya yana kaɗa jiki a hankali, sai ya juya ya kwanta a gefe guda, cikinsa ya yi walƙiya, ya shiga dukan ƙasa da wutsiya. Laka ta tashi ruwa ya tafi da ita, tsakuwa ta mirgina baya. Ya huta, ya sake. Can sai ga wani ya fito, ya fi shi duhu, haɓarsa a lanƙwashe, ya zo ya jera da shi yana karkarwa. Nan Haƙnazar ya gane ta farkon mace ce. Suka nutsa cikin ramin tare na ɗan lokaci, wani farin abu kamar madara ya bi ruwa, sannan macen ta matsa gaba kaɗan ta ci gaba da haƙa, tsakuwar da take turowa tana rufe ramin baya.

A faɗi gaskiya, abin kunya ne. Mutumin nan ya ƙare ƙuruciyarsa da girmansa a bakin rafin nan, ya san inda yake yoyo, ya san gonar da ke shan fiye da rabonta, amma bai taɓa sanin kifin kogi na hawowa cikinsa ya yi gida ba. Haka ɗan Adam yake. Abin da zai kai bakinsa shi yake gani a ruwa, sauran kuwa ko yana iyo a gaban hancinsa makaho ne.

Da kifayen suka koma ƙarƙashin saiwa, ya naɗe hannun riga ya je wurin ɗaya tudun, ya sa yatsu a gefe ya janye tsakuwa kaɗan kaɗan. Hannunsa ya mutu da sanyi kafin ya gan su: ƙwai, ja-ja kamar ƙananan murjani, a lafe a tsakanin tsakuwa. Ya mayar ya rufe. Sai a lokacin Asabar ta faɗo masa a rai. Shi da hannunsa zai mirgina dutse ruwa ya janye, sannan shebur ya zo ya watsa wannan duka a gaɓa, kaji su tsince.

Ya kama hanyar gida yana gardama da kansa. In gayya ce ke kashe kifi, ai kakanni ma sun yi gayya, kuma a zamaninsu kifi har a kwando ake ɗauka. To me ya sake? Shebur dai shebur ne, rafi rafi ne. Ya ga kamar ya kamo amsa ta wutsiya ta zille.

Ya tarar da matarsa Bibisoro a bakin murhu tana yanka karas na osh ɗin gayya, tana hura yatsu tana mita. Ta zuba masa shayi ba ta daina ba. Ta ce ita dai ba ta san wanda ya ƙirƙiro dafa abincin gari a cikin wannan sanyi ba, hannu na tsagewa, itace ba ya kamawa. Ta ce shekarar da aka kawo ta gidan nan, ranar gayya a rana suka zauna, itatuwan almon sun yi fure, kuma ba ta manta ba har sumanak aka raba, wanda ya rage daga Nauruz, bikinsu na sabuwar shekara.

Haƙnazar ya ajiye kofin shayi.

"Uwar Firuz, me kika ce aka raba?"

"Sumanak. Ko ka kurmance ne a bakin ruwa? An ce an gan ka a kwance kamar gawa."

Sumanak, kunun tsiron alkama, ba a dafa shi sai a farkon bazara. Shi ma ya tuna yanzu, har ya yi mamakin yadda ya manta. Da can da bazara ake share rafi, gab da fara ban ruwa. Da maza suka soma tafiya Rasha tun ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, sai aka rasa masu riƙe shebur. Wata shekara aka ce a bari sai sun dawo. Shekara ta gaba aka sake. Babu wanda ya zauna ya yanke, babu wanda ya yi mugun nufi. Akuya ita ce, addu'a ita ce, har mutane suka shiga cewa haka aka gada. Bai san yaushe ƙwan gulmahi ke ƙyanƙyashewa ba, amma ya san magabata sun share da bazara kifi bai ƙare ba, su kuma sun share da kaka ya ƙare.

Da la'asar ya je wurin Bobo Sangin, dattijon gari, wanda ya ba da akuyar bana. Tsohon ya saurare shi yana taunar busasshen tut. Ya ce gaskiya ne da bazara ake yi, shi ma ya yi da ƙarfinsa. Amma ya ce ana gayya ne ranar da akwai hannuwa, kuma bai taɓa jin an tambayi kifi ranar da ta yi masa ba. Ya ce Haƙnazar ya faɗa wa mutane da bakinsa ranar Asabar, shi ba zai hana ba, ba zai taya ba.

Asabar ta zo. An yanka akuya tun da sassafe, mata sun ɗora tukunya, maza suka hallara a bakin ido da takalman roba da shebur a kafaɗa. Haƙnazar ya ce kafin ya taɓa dutse su biyo shi su ga wani abu, amma a hankali. A hankalin mazan da suka karya da shayi mai zafi suna raha kuwa, ko kurman kifi ya ji. Da suka isa gindin tut babu kifi ko ɗaya a kan tsakuwa. Ya sa su suka kwanta rub da ciki a jere, manya da gemunsu, suna leƙen ruwa. Aka jima. Wani ya yi atishawa.

"Yazna," in ji Halmurad daga inda yake kwance, "a Rasha mun rusuna wa ɗan kwangila, a gida kuma mu kwanta wa kifi. Ka faɗa mana raka'a nawa ce mu san inda muke."

Dariya ta tashi, kowa ya miƙe yana kakkaɓe riga. Haƙnazar ya shiga ruwa ya janye tsakuwa a gefen tudun, ya nuna musu ƙwan. Suka sunkuya suka gani. Wasu sun yi mamaki da gaske, har wani ya ce shi ya zaci a cikin kogi kifi ke haihuwa kamar akuya. Sai ya bayyana musu abin da ya gano, da batun sumanak da komai, ya ce a ɗage gayya zuwa bazara kamar da.

Ba su ƙaryata shi ba, kuma wannan ya fi wuya. Suka ce sun ji, sun gani, amma da bazara suna ina? Mai niƙa ya ce in ganye da laka suka toshe rafi da hunturu, dutsensa zai tsaya, gari ya ci alkama tsaba. Halmurad ma ya daina wasa.

"Ni ba na nan rabin shekara da ɗoriya," in ji shi. "Abin da nake iya yi wa matata da 'ya'yana kafin in koma shi ne in bar musu ruwa mai tsabta a ƙofar gida. Kai kana so in bar musu laka don kifin da ka hana mu ci. Yazna, ka mirgina dutse, rana na yi."

Magana ce mai nauyi, kuma Haƙnazar ya ji nauyinta. Ya juya ya hau zuwa bakin ido, suka biyo shi suna zaton ya saduda. Da ya isa sai ya jingine sandarsa ya hau kan dutsen ya zauna.

"Ba zan mirgina ba," in ji shi. "Wanda zai mirgina ga shi nan, ya ɗaga ni."

Babu wanda ya matsa. Ƙarfin ɗaga shi kam akwai, mutum biyu sun isa, amma wa zai yarda jikokinsa su ji an ce kakansu ɓarawon ruwa ne? Sai surutu ya kaure. Aka ce ai yau ce ranar zaɓe, ba sai an jira osh ba, a sauke shi a naɗa wani ya mirgina. Haƙnazar ba ya da wata sana'a da ake girmama shi dominta sai wannan, kuma ya san irin zaman da tsohon mirob ke yi a gari, kowa da tsohon haushin ruwan gonarsa. Duk da haka bai sauka ba.

Aka kawo Bobo Sangin a kan jaki. Ya ce zaɓe haƙƙin jama'a ne, su faɗi wanda suke so. Aka ambaci Halmurad. Tsohon ya tambaye shi ko zai kasance a gari da rani, lokacin da ruwa ke ƙaranci ana faɗa a kan kowane cokali. Halmurad ya sosa ƙeya ya ce ya riga ya yi wa maigidansa na Rasha alkawarin komawa. Aka ambaci wani, shi ma haka. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya, duk mai ƙarfin hawa da sauka a bakin rafi yana da jakar tafiya a rataye. Aka juya ga tsofaffi, wannan ya ce gwiwa, wancan ya ce ido. Wani mai wayo ya ce to a naɗa na yini ɗaya mana, ya mirgina dutse, gobe a mayar wa Haƙnazar.

"Mirob ba hular aro ba ce," in ji Bobo Sangin.

Tafiyar da ta sa suka mayar da gayya kaka, ita ce yau ta ɗaure musu hannu.

Tsohon ya yanke hukunci, kuma bai yi wa kowa daɗi ba. Ya ce dutse ya zauna inda yake tunda mai shi ya ƙi. Amma sharar bazara tana wuyan Haƙnazar, ya nemo masu yi ko ya yi da haƙoransa, kuma duk abin da ya sami ruwan gari da hunturu a ƙofarsa za a tsaya. Ya ƙara da cewa an riga an yanka akuya da sunan magabata, ba a cin namanta sai da gumi, don haka mirob ya sauko ya ba mutane aiki.

Haƙnazar ya sauko. Ya sa wasu suka yashe reshen da ke zuwa wurin niƙa, inda babu farar tsakuwa. Sauran ya kai su wuraren da gaɓa ke zubewa tana cika rafi da laka, suka sari rassan itacen bed, mai son bakin ruwa, suka kakkafa a jere, don in ya kama saiwarsa ta riƙe ƙasa. Sun yi aikin, amma da baki a tsuke. Da aka zauna cin osh babu wanda ya ce Haƙnazar ya ci gaba, babu wanda ya ce ya sauka. Aka yi addu'a aka watse, faranti ɗaya ne kawai ba a yi rububin ci a kansa ba, wanda ke gaban Haƙnazar.

Hunturun nan ya ɗanɗana kuɗarsa. Ganye ya taru a kwane-kwanen rafi, ruwa ya rage gudu. Kullum da safe yana bakin rafi da doguwar manjagara yana janyo ganye daga gaɓa, ba ya yarda ƙafarsa ta taka ciki. Duk da haka dutsen niƙa ya tsaya sau ɗaya, aka yi kwanaki ana aron garin alkama gida gida. In ruwa ya zo da ɗan gurɓata, mata ba sa zuwa wurinsa, sai su shigo wa Bibisoro da bokiti su ajiye a gabanta su ce ta duba abin da mijinta ke shayar da su. Ita kuwa takan ba su shayi ta ce su yi haƙuri, ta fi su shan wahalarsa, in sun tafi ta juyo kansa. Ta ce masa in har bazara ta zo babu kifi, ya nemi garin da zai koma, ita ba za ta bi shi ba.

Shi ma abin na cin sa. Farar tsakuwar ta sake yin duhu, tudun ya baje, manyan kifayen sun koma kogi. Sau da yawa hannunsa ya yi ƙaiƙayin tonawa ya ga ko akwai rai a ciki, ya hana kansa. Mai yawan buɗe tukunya ba ya cin dafaffe.

Ƙanƙara ta fara narkewa, maza suka rataya jakunkuna. Halmurad ya biyo ta gidan yayarsa yin sallama, ya ajiye sheburinsa a ƙofar ɗaki ya ce ya bar wa yazna, tunda shi kaɗai zai yi aikin mutum talatin gara ya riƙe biyu.

Bayan Nauruz Haƙnazar ya bi gida gida yana roƙon gayya, shi da bai saba roƙo ba. Waɗanda suka fito mata ne da tsofaffi, kuma yawancin matan don Bibisoro suka fito, ba don shi ba. Kafin ya hau wurin dutse ya ce su jira, ya gangara gindin tut shi kaɗai. Ya tsuguna ya daɗe. Tsakiyar rafi babu komai. Har ya yunƙura zai tashi, inuwarsa ta faɗa kan ruwan gefe, inda bai kai idon sawu ba, sai ya ga wasu 'yan abubuwa sun watse kamar an zubar da allurai. Ya koma ya tsuguna, ya daina motsi. Suka dawo ɗaya ɗaya, kowanne bai kai gaɓar yatsa ba, ido ya fi jiki, suka jera suna fuskantar ruwa.

Ba su da yawa. Ya so a ce sun fi haka. Kuma kafin murna ta gama shiga, wata tambayar ta riga ta: in ya janye ruwa yanzu, waɗannan ina za su? Ƙwai ya tsira daga shebur, 'ya'ya su mutu a busasshiyar ƙasa?

Ya koma ya faɗa wa masu gayya cewa rabin dutse zai mirgina, a cikin ruwa za a yi aiki, laka da ruɓaɓɓen ganye kawai za a kwashe, tsakuwa a bar ta inda take. Mata suka dubi ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashin dutsen ƙanƙara, suka dubi ƙafafunsu. Abin da suka faɗa masa ba duka ne zai rubutu ba. Wata ta ce Allah Ya sa kifayen su yi masa takaba. Bobo Sangin, da aka zaunar a gaɓa don albarka, ya ce a iya tunawarsa su ma da ruwa a ƙafa suke yi, amma ba zai rantse ba, ya tsufa.

Bibisoro ta gangara gindin tut ta sunkuya, hannu a gwiwa, ta daɗe tana kallo. Da ta dawo sai ta tattare bakin wandonta ta zura takalman robar ɗanta.

"Baban Firuz, kai ka fara shiga," in ji ta. "In sanyi zai kashe wani, ya fara da mai shi."

Ya shiga. Ruwan ya kama shi kamar haƙora. Sauran suka biyo baya suna tsaki, aka fara daga bakin ido ana gangarowa a hankali. Aikin da maza ke gamawa kafin azahar ya ci musu kwanaki, kuma rafin bai yi fes irin na da ba. Da aka iso kwanar tut Haƙnazar ya tsaya a tsakiyar ruwa ya ware hannuwa, ya sa kowa ya fita ya zagaya ta gaɓa, aka sake shiga can ƙasa.